Kada ku jira idon yaro shi gyaru da kanshi

Ya kai mai karatu, riƙe littafin nan da hannu guda. Miƙe ɗaya hannun, ka ɗaga babban yatsa. Rufe idon hagu, ka dubi yatsan. Yanzu buɗe shi, ka rufe na dama. Ka ga yatsan ya yi tsalle? To, bai motsa ba. Idanunka ne ba wuri ɗaya suke ba. Tsakaninsu akwai wajen santimita 6, don haka kowane ido shina ganin abu daga gefenshi. Ƙwaƙwalwa ce ke karɓar hotunan biyu ta haɗa su. Da ɗan bambancin da ke tsakaninsu take gane abin da ke kusa da abin da ke nesa.

In kana son ƙarin shaida, rufe ido guda ka zuba shayi daga sama cikin ɗan kofi. Ko ka gwada zura zare cikin allura. Za ka ga aikin ya ƙara wuya.

Amma aikin nan ba ya yiwuwa sai idanun biyu sun dubi wuri guda a lokaci guda. Kowane ido shina da ƴan tsoka 6 masu juya shi sama da ƙasa, dama da hagu. Kamar shanun huɗa ne: in ɗaya ya ja gabas, ɗaya ya ja arewa, kunya ba ta miƙewa.

Nan maganata take. A garuruwanmu akwai yara da yawa waɗanda ido ɗaya ke kallonka, ɗayan kuma ya karkace wajen hanci ko wajen kunne. Ana yi musu ba'a, ana ce musu harara-garke. Uwaye kuwa sai su ce: "Ƙyale shi, in ya girma zai gyaru." Wasu su ce ai muni ne kawai, ba ciwo ba. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

Ga abin da ke faruwa. In ido ya karkace, hotuna biyu da ba su dace ba ke zuwa ga ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta son ruɗani. Sai ta riƙe hoton ido mai kyau, ta yi watsi da na ɗayan. Yau da gobe, idon da aka yi watsi da shi ya daina koyon gani. Lafiyarshi lau in ka dube shi, amma ganinshi ya raunana. Yaron ba zai yi kuka ba, don ba ya jin zafi, kuma bai san yadda sauran mutane ke gani ba.

Wasu masana biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, sun gwada abin ga ƴaƴan kyanwa. Suka rufe musu ido guda a watannin farko na rayuwa. Da aka buɗe, idon bai gani sosai ba. Babbar kyanwa kuwa, da aka yi mata haka, ganinta bai lalace ba. An ba su kyautar Nobel a 1981. Ke nan gani abu ne da ake koyo tun ana ƙarami, kuma lokacin koyon shina wucewa.

Ga ɗan Adam, magani ya fi ci kafin shekara 7. Wato kafin yaro shi zauna sosai a lakwal. Bayan nan ana iya miƙe idon don kyan fuska, amma ganin da ya ɓace da wuya shi dawo duka.

Jariri sabon haihuwa idanunshi kan yi yawo jefi-jefi, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in ya wuce wata 4 abin bai bari ba, ko kuwa idon kullum a karkace yake, ku tashi. Kuna iya gwadawa a gida. Da dare, haska tocila daga ɗan nesa, yaron shi dube ta. Ɗigon hasken ya kamata shi faɗa wuri iri ɗaya cikin idanun biyu. Sannan rufe mishi ido guda da tafin hannu, ka koma ka rufe ɗayan. In ya yarda da rufe wannan amma ya yi ta fizge-fizge in an rufe wancan, wataƙila da ido guda yake gani.

Maganin sau da yawa ba tiyata ba ne. Wani yaron tabarau kawai zai sa, idon ya miƙe. Wani kuma a rufe mishi ido mai kyau na wasu awoyi kowace rana, don a tilasta wa raggon ido aiki. Nan uwa ke shan wahala, don yaron zai ɓare abin rufin, kaka kuma ta ce ana zaluntar jikanta. Ƴar'uwa, ki daure. Tiyata sai in waɗannan ba su isa ba.

Na san kuɗin mota zuwa birni ba wasa ba ne, balle da damina. Amma a fara da gidan likita mafi kusa, su za su tura ku inda masu duba ido suke, kamar babban asibitin Yamai ko na Damagaram. Kada a ɗiga ruwan ganye ko wani gari cikin idon. Ba ya kai ga tsokar da ke juya ido, sai dai shi jawo gyambo.

In kuwa kun ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro, kamar idon kyanwa da dare, kada ku jira ranar kasuwa. Yana iya zama yanar ido, yana iya zama ciwon daji, kuma wannan na biyun shina kisa in an makara. Ku tahi cikin satin nan.