Daga Makarantar Manya: Yaro Ya Ƙago Tasa Gatanar

Wannan wata zancen yara za mu yi.

Matan da nike koya wa karatu sukan zo da ƴaƴansu, su zauna bakin rumfa. Waɗansu ƴan lakkol ne. Na lura sun iya kwafe abin da ke bisa allo sarai, amma in ka ce su rubuta magana guda daga kansu, sai su yi zuru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bai iya sa abin da ke ransa bisa takarda, gobe wani zai rubuta masa wasiƙa, ya ji asirinsa.

Sai na ce kowa ya rubuto gatana. Da fari duk Gizo da Ƙoƙi sunka kawo mani, yadda kakanninsu sunka faɗa masu. Na ce waɗannan na san su tun ba a haife ku ba. Kowa ya ɗauki abu guda na gidansu, tulu ko guga ko jaki, ya ba shi ikon da ba shi da shi.

Wani yaro ya ba jakinsa fukafukai, ya ba shi baki, ya ba shi kuɗi marasa ƙarewa. Layi huɗu labari ya mutu, don babu sauran abin nema. Laifina ne. Na manta cewa a gatanan tsofaffi in aljani ko dodo ya ba ka abu, sai ya kafa maka sharaɗi: kada ka waiwaya, kada ka buɗe sai ka kai gida. Sharaɗin nan shi ke jan labari. Na ce su sake, iko guda, sharaɗi guda.

Wata yarinya ƴar shekara 9 ta rubuta labarin guga mai fito da hatsi daga rijiya. Amma duk sa'ad da anka jawo hatsi, ruwa ya ragu gaba guda. Gari ya rabu biyu, masu jin yunwa da masu dabbobi. Ta cika shafi biyu na kayenta, tana ta tambaya ta yadda ake rubuta kalmomin da ban taɓa sa wa bisa allo ba.

Ubanta ya zo mani rai ɓace. Ya ce: "Malam, ƙarya kake koya masu, kuma gatana da rana!" Na ce: "Baba, mai gatana in ya ƙare, ai Gizo yake ɗora wa ƙaryar. Yaro ya san wasa ne." Na faɗa masa Abubakar Imam da labarin ƙage ya fara, Ruwan Bagaja, a gasar 1933, kuma a nan gida Bubu Hama ya rubuta tatsuniyoyin Nijar cikin littattafai. Bai gamsu duka ba. Munka shirya a bisa cewa a rubuta da rana, a karanta bayan isha'i.

Malamai, kada ku yi saurin gyara. Ranar fari na ja wa wani yaro jan layi ƙarƙashin kowane ƙ da ɗ da ya bari ba lanƙwasa, mako guda bai komo ba. Yanzu sai yaro ya karanta wa ƴan'uwansa labarinsa, sun tambaye shi "sai me ya faru?", kana mu koma ga haruffa.

Ita mai guga har yanzu ba ta yanke wa garin hukunci ba. Ta ce sai ta shawarci kakarta.