Waiwaye: Mun Je Maraɗi a Matsayin Leburori

A ranar 8 ga Nuwamba, 2021, gobara ta tashi a wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, ta yi ajalin yara aƙalla 25. Azuzuwan da suke ciki na zana ne da kara. A watan Afrilun shekarar ma an yi irin wannan rashi a Yamai, inda yara kimanin 20 suka rasu. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan aji ya san wuta ba ta buƙatar minti biyar ta lashe shi. Labarin ya tuna mini tafiyar aikin sa kai da muka yi da matasan majami'armu, 'yan shekaru kafin nan, zuwa wata makarantar ƙauye a jihar ta Maraɗi.

Tun kafin a fara tara baiko, matasa sun gama tsara abin da za a kai: littattafai, rigunan makaranta, fenti, har da tsofaffin kwamfutoci. Baba Fasto ya ce a dakata. Ya tura dattawa biyu su je su gaida shugaban makarantar, su ji ta bakinsa. Suka dawo da amsar da ta sauya shirin gaba ɗaya. Shugaban ya ce musu: "Ranku ya daɗe, mun gode da zumunci. Amma da Faransanci muke koyarwa, littattafanku kuwa na Ingilishi ne. Wuta ba ta iso garin nan ba balle kwamfuta. In kuna son taimakonmu, ku ba mu bango da rufi."

Sai da muka isa muka gane nauyin maganar. Mun bi ta Katsina, muka tsallaka iyaka a Jibiya, muka wuce Ɗan Isa, a lokacin da hunturu ke kaɗawa. Aji ɗaya ne kawai na siminti a makarantar, sauran rumfuna ne. A Nijar ana komawa makaranta a watan Oktoba, amma rumfa ba ta tsayuwa sai an girbe gero an samu kara, don haka yaran ƙananan azuzuwa kan yi makonni a gida. Da ruwan farko ya sauka kuma, karatu ya watse. Na leƙa wata rumfa na tarar da yara zaune a rairayi, kowa da ɗan allonsa a cinya, iska na watso musu ƙura ta ƙofofin zana, malaminsu ya jingina babban allo da wani itace, yana dafe da shi da hannu ɗaya yana rubutu da ɗayan.

Tsarin aikin ma ba mu muka yi shi ba. Kuɗin baiko ya tafi ga siminti, kwano da ƙarfen rufi, domin mutanen garin sun ce gara ba ta barin katako. Magina biyu 'yan garin aka ɗauka, aka biya su cikakken haƙƙinsu. Mu kuwa, da mai digiri da ma'aikacin banki, leburorinsu muka zama: kwaɓa siminti, tura baro, miƙa bulo. Iyayen yara, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, suka ɗauki nauyin yashi da ruwa. Kowace safiya mata na jerowa daga rijiya da tuluna suna shayar da bulo, da rana kuma a aiko mana da fura da kwaɗon zogale. Liman da mai gari kan zo su zauna a inuwar gawo su duba yadda gini ke tashi. Wani dattijo ya ce mini: "Ɗana, ajin nan namu ne, da guminmu a ciki. Ba za mu bari ya lalace ba."

A wani ɗaki na makarantar akwai kwalayen littattafai da wasu baƙi suka taɓa kawowa, gara ta cinye rabinsu, ba wanda ya karanta. Da kyakkyawar niyya aka kawo su. Tambaya ce kawai ba a yi ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yankin Maraɗi ya daɗe da sanin bambancin taimakon da ke ɗorewa da wanda ke wucewa. A shekarun 1980, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan na SIM, ya ga dashen itatuwa da ake ta kashe wa kuɗi yana mutuwa. Sai ya mayar da hankali kan kututtukan da ke cikin gonaki, ya yi aiki da manoma kan yadda za a rage tohonsu a bar masu ƙarfi su girma. Manoma suka riƙe dabarar, suka koya wa juna, gonakin da suka zama fili suka sake yin itatuwa. Abin ya ɗore ne domin na manoman ne, kuma ba ya buƙatar komai daga waje.

Ga majami'u da ƙungiyoyin da ke shirin irin wannan tafiya, shawarata ita ce a fara aika kunne kafin a aika mota. A lissafa kuɗin sufuri da abincin masu tafiya, a ajiye shi kusa da kuɗin aikin, in na tafiya ya rinjaya a rage mutane. Kada a ƙwace wa magini ɗan gari aikin da yake ciyar da iyalinsa da shi. A nemi izinin iyaye kafin a ɗauki hoton 'ya'yansu. Sannan a yanke tun farko wa zai riƙa kiran shugaban makarantar bayan an dawo gida, domin kwano na yayewa, alli na ƙarewa, malami na buƙatar albashi.

Har yau dubban yara a Nijar a cikin rumfunan kara suke karatu. Majami'a ɗaya ba za ta maye gurbin rumfunan duka ba, amma za ta iya riƙe makaranta ɗaya, ta gina aji bana, ta koma baɗi ta tambayi abin da ya rage.