A yashe magudanar Rahad da kuɗin zinaren Butana

Ruwa ne ya gina garin Fau, wanda ke kan titin Wad Madani zuwa Gadarif a ƙasar Sudan. Kafin shekarun 1970 abin da ke wurin duwatsu ne, da baƙar ƙasa mai tsattsagewa da rani, da ƴan ƙauyuka, da makiyayan Butana masu raƙuma da tumaki. Kogin Rahad da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha watannin damina kawai yake gudu, sannan ya koma yashi da kududdufai.

Har yau ina jinjina wa waɗanda suka yi tunanin kawo ruwa nan. A Mina, kusa da Sinja, aka kafa manyan injinan da ke zuƙo shi daga kogin Nil Azraƙ. Ya bi magudana mai tsawon kilomita 80 da ɗoriya, ya nutse ta ƙarƙashin kogin Dindir, ya ɓullo, ya zuba a Rahad, madatsar Abu Rakham ta tare shi ta juya shi gonaki. Bankin Duniya da Kuwait da Saudiyya da Amurka suka sa kuɗi. A 1977 aka fara noma. Fili kusan fadan 300,000 aka yanka hawasha-hawasha, wato gona-gona, kowane magidanci fadan 22, auduga da gyaɗa, daga baya dawa da alkama suka shigo. Ƙauyukan da aka kafa ko suna ba a raɗa musu ba, lamba aka ba su, amma a cikinsu aka yi makarantu, aka haifi ƴaƴa, aka aurar da su.

Yanzu samarin ƙauyukan nan arewa suke fuskanta. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da yawancin man fetur, zinare ya zama abin da ƙasa ke sayarwa waje, jejin Butana kuwa ya cika da ramuka. Yaro ya ɗauki na'urar gano ƙarfe da jarkar ruwa, ya yi watanni yana fasa dutse, yana cuɗa garinsa da zaiba da hannu tsirara, yana shaƙar hayaƙinta idan an ƙona.

Ba na ganin laifinsa. Ubansa ya shuka gyaɗa a ƙarshen magudana, laka da ciyawa sun toshe hanya, inji ya tsaya a Mina don ba wuta ko ba kayan gyara, shuka ta ƙone tana tsaye, bashi ya rage a wuya. Wanda ya ga haka shekara biyu a jere, wace nasiha za ka yi masa? Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ƙara dagula komai: da Wad Madani ta faɗi a watan Disamba na shekarar, Fau ta zama bakin daga, ta kuma cika da masu gudun hijira. Mutanen Zamfara ba sa bukatar dogon bayani, su da ke da madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara da ramukan zinare a Anka, suka kuma binne ɗaruruwan yara saboda gubar dalma a 2010.

Abin da nake nema a fili yake. Gwamnati na karɓar kasonta daga zinaren da ake haƙowa, to a ware wani yanki na wannan kaso, a rubuce, don injinan Mina da yashe magudanu kowace shekara kafin shuka. Za a ce ƙasa na cikin yaƙi, baitulmali ya bushe. Ai zinaren bai daina fita zuwa Dubai ba ko a tsakiyar yaƙin. Rami idan ya ƙare, kasuwarsa ta tantuna watsewa take yi, ta bar ƙasa mai guba. Magudanar Rahad kuwa ta kusa shekara 50 tana ciyar da mutane, duk da sakacin da aka yi da ita.

Idan aka tashi gyara, kada a maimaita rashin adalcin farko. Hausawa da Fulani sun daɗe a gaɓar Nil Azraƙ da Dindir da Rahad, tun kafin Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Da su da mutanen Darfur ake cirar auduga da tonon gyaɗa, amma da yawansu a kambo suka ƙare, wato sansanin ƴan ƙwadago a gefen gonar wani, babu hawasha, babu takardar fili. Jikokinsu na cikin waɗanda suka fi saurin tafiya rami, domin babu abin da suka bari a baya. Duk fadan da aka farfaɗo da kuɗin zinare, a fara rubuta sunayen mutanen kambo a rabonsa.