Sanarwar Bayan Taron Marubutan Yankin Kankiya da Kusada da Aka Yi a Rimaye



Marubuta da masu sha'awar rubutu na yankin Kankiya da Kusada sun gudanar da taronsu na ƙarshen shekara a garin Rimaye, Ƙaramar Hukumar Kankiya, Jihar Katsina. Mahalarta sun haɗa da marubuta labarai da waƙoƙi, malaman makaranta, ɗalibai, da 'yan uwa mata masu rubutu a gida. An tattauna yadda kowa zai tsara burinsa na rayuwa da na rubutu a shekara mai kamawa, da yadda za a taimaki juna a cika shi.

Abubuwan da taro ya lura da su

1. Rubutu ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Tun ƙarni na 17 Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka bar wallafe-wallafe. Alhaji Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar rubuta littattafai ta 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja, kamar yadda yayansa Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki.

2. Ayyukan Imam da Bello Kagara wa'adi ne ya fito da su. Gasar 1933 tana da ranar rufewa. Da aka ɗauki Imam aro zuwa Zariya a 1936, cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce. Haka gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, wadda 'yar Jihar Katsina, Aisha Muhammad Sabitu, ta fara lashewa da labarinta Sansani, ita ma tana da ranar rufewa.

3. Matsalar marubutanmu ba ƙarancin basira ba ce. Kusan kowa yana da littafin da ya fara ya ajiye a babi na uku ko na huɗu. Kowace shekara ana cewa "bana in sha Allahu zan kammala", amma ba a faɗi shafi nawa ba, ba a sa rana ba, ba a kuma sanar da wanda zai tambaya ba.

4. Shekararmu ba ta tafiya bai ɗaya. Damina ta noma da ciyawa ce, kaka ta girbin gero da dawa da roron wake ce, watan azumi na ibada ne, malamai da ɗalibai kuma suna da lokacin jarrabawa. Wanda ya tsara buri bai duba wannan ba, tun kafin noman farko zai karaya.

5. Hidimar gida da ta yara tana cinye lokacin mata marubuta, wayar hannu kuma tana cinye na kowa. An kuma koka kan yadda rubutun watanni kan salwanta idan waya ta lalace ko aka sace ta.

Ƙudurorin taro

1. Kowane marubuci zai rubuta burinsa na rubutu guda ɗaya tak, ya ambaci irin aikin, tsawonsa, da ranar gamawa, ya miƙa wa Magatakarda kafin taro na gaba. Ba za a karɓi "zan ƙara ƙoƙari" a matsayin buri ba. Wanda ke da aikin da ya fara, shi zai ƙarasa kafin ya buɗe sabo.

2. Taro ya ba masu dogon labari shawarar kalmomi 250 a rana, kwana biyar a mako. A mako 40 sun zama kalmomi 50,000, wato littafi sukutum, ga kuma mako 12 da suka rage don gona, azumi da lalurar yau da gobe. Da yayyafi kogi kan cika.

3. Sauran marubuta kuma za su raba shekara gida uku. Hunturu da bazara na sabon rubutu ne. Damina ta karatu ce da tattara bayanai. Bayan kaka kuma sai gyara da tacewa.

4. Kowa zai karanta aƙalla littafin Hausa ɗaya a wata, a haɗa na mazan jiya da na zamani, domin wanda ba ya karatu alƙalaminsa ba ya kaifi.

5. Kowa zai samu abokin tuntuɓa, namiji da namiji, mace da mace, wanda zai riƙa tambayarsa duk ranar Juma'a inda aka kwana. Za a riƙa zaman bita duk wata uku, ana zagayawa tsakanin Rimaye, Kankiya da Kusada.

6. Ba za a saki rubutu ga jama'a ba sai wani ya duba shi, an gyara ƙa'idojin rubutu, musamman raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da 'y. Kowane aiki a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a takarda ko a kwamfuta.

7. Ban da rubutu, kowa zai ɗauki buri biyu na kansa: ɗaya na kyautata addini da zumunci, kamar hizifi a rana ko ziyarar dangi, ɗaya na sana'a da lafiya, kamar shiga adashi don kuɗin ɗab'i, koyon aikin hannu, ko rage zaman waya bayan sallar isha'i.

8. Aikin haɗin gwiwa na shekara shi ne tattara tarihin garuruwanmu daga bakin dattawa, da tatsuniyoyi, da waƙoƙin daka da niƙa daga iyayenmu mata, tun suna raye. Za a gabatar da abin da aka samu ranar 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya.

Kira

Taro yana roƙon magidanta su ba matansu da 'ya'yansu masu rubutu sarari da goyon baya. Yana kira ga shugabannin makarantu su farfaɗo da ƙungiyoyin Hausa da gasar insha'i, ga ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada kuma su kula da ɗakunan karatu. Yana neman malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su taimaka da duba ayyuka, a kuma ƙulla zumunci da reshen Katsina na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya.

Rufewa

 An tunatar da kowa cewa alkawari kaya ne, kuma a taron ƙarshen shekara mai zuwa za a karanta burin kowa a gabansa, a ji abin da ya cika. An rufe da addu'ar Allah Ya ba Jihar Katsina da Nijeriya zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma. Amin.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Magatakardan Taro