A Kawo Masu Nazarin Halayyar Ɗalibai Cikin Ajin Firamare

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, da wuya a sami ajin firamare da babu yaro uku ko huɗu waɗanda lamarinsu ya gagari malami. Akwai wanda ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, alhali in ana hira a filin wasa ya fi kowa kaifin baki. Akwai yarinyar da za ta yi zango guda ba a ji muryarta ba. Akwai wanda ba ya iya zama a benci na minti biyar, da wanda tun da aka kai hari ƙauyensu yake zabura da zarar iska ta buga ƙofa. Sunayen da aka saba laƙaba musu su ne daƙiƙi da miskili da mai ƙiriniya, maganin da aka gada kuwa bulala ko maimaita aji. Amma akwai fannin ilimi da aka gina domin irin waɗannan yara, wato nazarin halayyar ɗalibai, ana kuma karanta shi a matakin digiri na biyu. Ra'ayinmu shi ne wannan karatu ba zai amfani ƙasar nan ba sai ɗalibansa sun shigo ajin firamare tun suna kan karatu, kuma sai an buɗe wa malamin firamare ƙofar shiga cikinsu.

Tarihin fannin kansa yana goyon bayanmu. A shekarar 1896, a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, wata malamar makaranta mai suna Margaret Maguire ta kai wa malamin jami'a Lightner Witmer matsalar wani ɗalibinta ɗan shekara 14 da ya kasa iya rubuta kalmomi daidai. Da Witmer ya bincika sai ya gano yaron yana da matsalar gani. Aka nema masa tabarau, sannan aka shiga koyar da shi ta hanya ta musamman. Daga wannan ne aka buɗe ɗakin duba matsalolin koyo da halayya na farko a Jami'ar Pensilbaniya. A Faransa kuma, a 1905, Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da ma'aunin fahimtar yara, da nufin gano waɗanda ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Ashe tun farko tambayar daga aji ta fito, kuma malamar aji ce ta fara ganin abin da masani ya zo ya ba shi suna.

A Amurka ne wannan sana'a ta fi kafuwa, don haka ya dace mu dubi yadda suke horar da masu yin ta. Ƙungiyar masanan fannin ta ƙasarsu, NASP, wadda aka kafa a 1969, ta shimfiɗa ƙa'idar cewa mai neman wannan aiki zai yi aƙalla shekara 3 yana karatu bayan digirin farko. Tun kafin ya kammala darussa ana tura shi makarantu ya yi aikin gwaji a ƙarƙashin idon ƙwararre: ya zauna a aji ya lura da yaro, ya tattauna da malami da iyaye, ya gwada karatun yaro da lissafinsa, ya rubuta rahoto a duba masa. Shekarar ƙarshe kuwa ta sanin makamar aiki ce, sa'o'i 1,200, kuma aƙalla 600 daga ciki dole a cikin makaranta za a yi su. Buƙatar waɗannan ma'aikata ta ƙaru ƙwarai bayan dokar 1975 da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu buƙata ta musamman tare da tantance abin da kowannensu ke buƙata.

Bayan darasi da aikin gwaji, ɗaliban suna da nasu ayyukan da suke tafiyarwa da kansu. A sassa da yawa akwai ƙungiyar ɗalibai, inda ake haɗa sabon shiga da wanda ya riga shi domin ya riƙa nuna masa hanya. Suna shiga ƙungiyar ƙasa tun suna ɗalibai, su halarci babban taronta na shekara, su gabatar da ɗan binciken da suka yi a gaban waɗanda suka daɗe a aikin. A watan Nuwamba akwai mako guda da aka keɓe domin wayar da kan jama'a game da sana'ar. Wanda ya sami shaidar ƙwarewa ta ƙasa kuma ba ya riƙe ta har abada: duk shekara 3 sai ya sabunta, bayan ya nuna ya yi sa'o'i 75 na ƙarin horo. Duk da haka su ma ba su wadatu ba. Ƙungiyar tana neman masani 1 ga ɗalibai 500, amma a ƙididdigar ƙasar baki ɗaya kowane masani yana ɗauke da ɗalibai sama da 1,000.

Ba muna cewa a kwaso tsarin Amurka a dasa a nan ba, domin aljihunmu da nasu ba ɗaya ba ne. Abin ɗauka shi ne an ɗaure ɗalibin da makaranta da kuma 'yan'uwansa na sana'a tun ranar farko, kuma igiyar ba ta sakinsa bayan ya karɓi takarda.

Mu ma a nan gida ba daga fili za mu fara ba. Aikin jagoranci da ba ɗalibai shawara ya soma a 1959 a makarantar St. Theresa da ke Ibadan. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki, CASSON, a 1976, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci samar da masu ba da shawara a makarantu. A yau ana karanta nazarin halayyar ɗalibai da ba da shawara har zuwa digiri na uku a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, da Bayero da ke Kano, da Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Sai dai abin da muke gani da idonmu shi ne mafi yawan wannan ƙoƙari a sakandare yake tsayawa, inda ake taimakon matashi ya zaɓi kimiyya ko fasaha da kwas ɗin da zai nema a jami'a. Wannan aiki ne mai kyau, amma yaron da ya kasa karatu a aji biyu ba lalle ya kai sakandare ba, balle ya sami mai ba shi shawara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Halin da arewacin ƙasar nan ke ciki ya ƙara wa maganar nauyi. A ranar 7 ga Maris, 2024, 'yan bindiga suka kwashi yara daga makarantar Kuriga a Ƙaramar Hukumar Chikun ta Jihar Kaduna, cikinsu har da 'yan firamare. Kafin nan an yi na Ƙanƙara a Disambar 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021. Idan irin waɗannan yara suka dawo, ana yi musu maraba, likita ya duba su, a ɗauki hoto, sannan kowa ya watse. Wanda ake bari da su, da kuma dubban yaran da aka raba da ƙauyukansu, shi ne malamin aji, wanda a kwalejin horon malamai bai wuce 'yan darussa kan halayyar yara ba. Babu wanda ya koya mana yadda ake zaunar da yaron da ya ga an harbi mahaifinsa.

Mun san abin da wasu daga cikinmu za su ce. Manufar ilimi ta ce malami 1 ga yara 35, mu kuwa muna tsaye gaban ninkin hakan biyu ko uku, wasu a ƙasa suke zaune, ƙarin girma ya maƙale, kuɗin hutu ya zama labari. Ina mu ina masanin halayya? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ƙungiya ba za ta sassauta a kansa ba. Amma cunkoson ne ma ya sa buƙatar ta tsananta. Malami mai yara 30 yana iya lura da wanda ba ya ganin allo, mai yara 90 kuwa ko sunaye da ƙyar yake riƙewa. Sannan abin da muke nema a matakin farko ba ya buƙatar sabon gini ko sabon kasafi, tsari kawai yake so.

Abu na farko, muna kira ga sassan jami'o'in da ke kusa da mu da su ware wani kaso na aikin gwajin ɗalibansu ga makarantun firamare na gwamnati, bisa yarjejeniya da hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi. Ɗalibi ya riƙa zuwa makaranta guda a ranaku sanannu har zango ya ƙare, malaminsa na jami'a kuma ya riƙa biyo shi. Irin ziyarar da za a raba mana takardar tambayoyi, mu cike, a tafi, ba mu sake jin ɗuriyar binciken ba, ta ishe mu. Duk wanda ya yi bincike a makarantarmu ya dawo ya faɗa wa malamai da iyaye abin da ya gano, cikin harshen da suke ji. Ƙungiyoyin ɗaliban ma suna da abin yi: gwajin gani da ji na sauƙi tare da ma'aikatan lafiya, zaman karatu da yaran da aka bari a baya, da taron bita na rana guda ga malaman gunduma. Su za su sami gogewar da littafi ba ya bayarwa, mu mu sami ido na biyu a aji.

A nan akwai kashedi. Ma'aunin basira da aka tsara da Turanci domin yaron wata ƙasa ba zai yi wa yaron da ke tunani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci adalci ba. In aka yi garaje, sai a maye gurbin kalmar daƙiƙi da wata kalmar boko mai nauyi, ta bi yaro har girmansa. Don haka babban aikin bincike da ke jiran waɗannan ɗalibai shi ne samar da ma'aunan karatu da fahimta a harsunanmu, a gwada su a kan yaranmu. Haka nan kada a gwada yaro ba da sanin iyayensa ba, kuma sirrin gidansu kada ya zama abin hira a ofishin malamai.

Abu na biyu, a buɗe mana hanya. Malami mai shaidar NCE sai ya yi digirin farko tukuna, ko ta shiga kai tsaye, ko karatun dogon hutu, ko jami'ar karatu daga gida, kafin ya nemi na biyu. Tafiya ce ta shekaru, da kuɗin makaranta daga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga iyali. Da yawa daga cikinmu sun nemi hutun ƙaro ilimi, takardarsu ta kwana a ofis har lokacin rajista ya wuce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta samar da asusun da hukumar UBEC ke rabawa, kuma a cikinsa akwai kason horar da malamai. Muna neman a yi amfani da wani ɓangare nasa a ɗauki nauyin malaman firamare, ko biyu ne daga kowace ƙaramar hukuma a shekara, maza da mata, bisa cancanta kuma a bainar jama'a. Wanda ya shekara 15 yana riƙe da alli ya riga ya ga yaran da littafin ke bayani a kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na uku, wanda ya kammala a ba shi gurbin da zai zaunar da shi. Mun sha ganin abokan aikinmu sun ƙaro ilimi sun dawo, aka mayar da su kan matakin albashin da suka bari, ba da daɗewa ba suka koma kwaleji ko ma'aikata. Ba mu ga laifinsu ba. A samar da muƙamin mai kula da halayya da koyon yara a matakin gunduma, mai zagaya makarantu biyar ko shida, da matakin albashi da ƙarin girma bayyanannu. Hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ta riga ta wajabta ci gaba da horo a kan kowane malami, saboda haka bitar da waɗannan jami'ai za su riƙa yi mana a lissafa ta cikin wannan horo. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba yaransu haƙƙin ilimi, amma haƙƙin zai tsaya a takarda muddin babu mai gano buƙatar yaro.

Ƙungiyarmu ta NUT tun 1931 take fafutuka, kuma ba a kan albashi kaɗai aka san ta ba, har da martabar aikin koyarwa. Muna roƙon shugabannin wannan reshe su sa batun cikin ajandar taro mai zuwa, su kafa ƙaramin kwamiti da zai rubuta wa sashen jami'ar da ya fi kusa da mu, su kuma tattara sunayen membobin da suka riga suka karanci wannan fanni ko suke kan karantawa, domin mu san ƙarfinmu kafin mu tunkari hukuma. Iyalanmu kuma, musamman iyaye mata da suka fi kowa sanin yaron da ke kuka cikin barci ko yake ƙin zuwa makaranta, su tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a aikinmu.