Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Makon jiya na je gida Dawakin Tofa ta'aziyya. Da aka shafa addu'a aka watse, sai Kawu ya ce, "Dakta, taso ka ga wani abu." Muka gangara kwarin da ke bayan ƙauyenmu, inda muka koyi iyo muna yara, inda har yau ake shayar da shanu kuma ake ban ruwan lambu da rani. Ruwan ya yi baƙi, samansa yana ƙyallin maiƙo, ƙananan kifaye sun taso ciki sama, ga wani wari mai hawa kai. A gaɓa kuwa ga sawun tayar babbar mota. Kawu ya ce sau uku ke nan wata tanka tana zuwa bayan isha'i ta juye abin da ta ɗauko. Na ce, "Kawu, an sanar da dagaci?" Sai ya ce, "Wa zai so a ce shi ne ya kai ƙarar mutane?"

Wannan amsa ta fi warin ruwan damuna. Mun taso da kunyar kai ƙara, muna ganinta kamar tsegumi. Amma wanda ya ga ana zuba guba a ruwan da jama'a da dabbobinsu ke sha ya yi shiru, mai tankar ya rufa wa asiri, 'ya'yansa kuma ya bari da cuta.

Wanda ke ganin abin ƙarami ne ya dubi Jakara. Rafi ne da ya ratsa birnin Kano, yau ya zama matattarar kwatamin gidaje da shara. Rafin Getsi yana kawo masa ruwan masana'antun Bompai, sannan su nufi madatsar Wasai a Minjibir, a hanya kuma ana shayar da latas da kabeji da su. A kudu, kogin Challawa ya daɗe yana karɓar dagwalon masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa, masu aiki da sinadarin kuromiyam. Babu ɗayansu da ya lalace dare ɗaya. Birni kuwa yana matsowa gare mu ta hanyar Katsina: Dawanau ta cika da rumbuna da injina da garejin manyan motoci, kuma duk abin da aka zuba a lambatunta, ruwan sama zai kai shi fadama ba tare da an tace ba.

Alamomin ba sa buƙatar digiri. Magudanar ruwan sama da ke gudana da rani, ruwan da ya sauya launi ko ya yi kumfar da ba ta bajewa, maiƙon baƙin mai, warin ruɓaɓɓen ƙwai, mutuwar kifi da kwaɗi lokaci guda, ciyawar gaɓa da ta ƙone, duk shaida ne. Mu manoma ma da namu laifin, domin mai wanke tankin feshin maganin ƙwari a rafi ya yi wa maƙwabcinsa illa.

Idan ka gani, kada ka taɓa ruwan, kada ka tare direba da faɗa. Ɗauki hoto da wayarka daga nesa, ka rubuta rana da lokaci da wuri da lambar mota. Ka kai wa mai unguwa ko dagaci, da duba-gari na ƙaramar hukuma. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano, akwai kuma hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli. A rubuta koken, mutane da yawa su sa hannu, a riƙe kwafi. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, don haka haƙƙi muke nema. Su ma hukumomin, wajibi ne su sakaya sunan mai koke, su kuma zo kafin ruwan sama ya wanke shaida.

Kafin in baro gida, ni da Kawu da wasu masu lambu huɗu muka je wurin dagaci da takarda. Kawu ne ya fara dangwala yatsa. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗa muku inda takardar ta kwana.