Kifin Gobe Muke Cinyewa Yau

A dogon hutun da ya gabata na koma gida Dusuman, garinmu da ke kan hanyar Dikwa a ƙaramar hukumar Jere. Na tarar wani yayana, ɗan wan mahaifina, ya dawo daga Ingila inda ya yi karatun digiri na biyu. Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, sai ya ciro waya yana nuna mana hotunan wani hutu da ya yi a Sikotilan lokacin zafinsu. A ɗaya daga cikin hotunan ga shi tsaye cikin kogi, ruwa ya kai masa cinya, yana riƙe da wani kifi mai ɗige-ɗige, tsawonsa ya kai kamu ɗaya. Wani ƙanenmu ya ce, "Yaya, soyawa kuka yi ko gasawa?" Ya ce, "Sakinsa na yi, ya koma ruwa." Nan take wuri ya kaure da dariya. Wani kawunmu ya girgiza kai ya ce, "A biya kuɗin mota, a biya kuɗin izini, a wuni cikin ruwan sanyi, a kama kifi kuma a saki? Lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa."

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, har da ni a cikin masu dariyar. Amma bayan kwana biyu na bi ta fadama, na ga yara huɗu suna jan gidan sauro cikin ruwa. Abin da suka zuba a roba 'ya'yan karfasa ne da na tarwaɗa, babu wanda ya kai tsawon ɗan yatsana, sun kuwa fi ƙarfin ƙirge. Daga ranar na daina dariya, na fara tambayar kaina: tsakanin mai sakin kifi ɗaya da masu kwashe dubu tun ba su girma ba, wa ya kamata a yi wa dariya?

Bari in fara da bayanin irin wannan su kamar yadda na fahimce shi. Sunan kifin tirawut, kuma ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi, mai tsabta. Shi ya sa ba mu da shi a nan. A Afirka sai a ƙoramun kan duwatsu, irin na Kenya inda Turawa suka kai shi a 1905. Yawancin abincinsa ƙwari ne da ke ƙyanƙyashewa a cikin ruwa ko suke faɗawa a kansa. Saboda haka mai fatsar ba ya sa tana a matsayin koto irin yadda muke yi. Gashin tsuntsu da zare yake ɗaurawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Da yake ƙwaron ƙaryar ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi da nauyi, sai ya riƙa kaɗa ta a iska kamar bulala har ta ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali. Dole ne ya san irin ƙwaron da ke tashi a ranar, in ba haka ba kifin ko kallonsa ba zai yi ba. Hausawa dai sun ce kifi na ganinka mai jar koma.

Ni ba gwanintar ce ta ɗauke mini hankali ba. Ƙa'idojin da ke kewaye da ita ne. A dokar Sikotilan, ba a kama wannan kifi sai daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba. Sauran watannin an bar masa ne don ya yi ƙwai. A Ingila kuma duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisi kafin ya jefa ƙugiya a kogi, kuma da kuɗin lasisin ake kula da kogunan. A wurare da dama akwai iyakar girman kifin da za a tafi da shi gida, wanda bai kai ba a mayar da shi. Har ma akwai masu fatsa da ke aikin sa-kai na ƙirga ƙwarin kogi duk wata, domin da zarar ƙwari sun ragu an san an zuba wa ruwan wani abu. Kada kuma a ɗauka haka suka taso da tsabta. A 1957 an bayyana cewa kogin da ya ratsa Landan ya mutu saboda ƙazanta, kifi ba ya iya rayuwa a wani ɓangarensa. Doka da gyaran magudanai ne suka dawo da kifi cikinsa.

To, mu dawo gida. Kogin Ngadda ne ke ba mu ruwa. Yana fitowa daga fadamun Sambisa, ya taru a madatsar Alau, ya ratsa Maiduguri ta Gwange da gadar Kwastam, sannan ya bazu a fadamar Jere, inda mu da mutanen Zabarmari da Gongulong da Khaddamari muke noman shinkafa. Duk wanda ya tashi a nan ya san cewa da damina ne, lokacin da ruwa ke hauhawa yana shiga ciyayi, kifi ke hayayyafa. Tarwaɗa guda tana zuba dubban ƙwai. Uwar karfasa kuwa a bakinta take ɗauke da ƙwanta har su ƙyanƙyashe, wanda ya kama ta a wannan hali ya kama zuriya guda. Ciyayin fadama su ne ɗakin renon 'ya'yan kifin. Abin takaici, a daidai wannan lokaci ne muke shiga da gidan sauro, wanda aka raba mana don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Ga shi mun yi biyu babu: yaro ya kwana sauro na cizonsa, kifin baɗi kuma ya ƙare a tukunyar yau.

Gidan sauro ma da sauƙi a kan masu zuba guba. Akwai masu amfani da gamalin ko wani maganin feshi, su zuba a kududdufi, kifi babba da ƙarami ya taso yana kifewa, su kwashe su kai kasuwa. Sinadarin da ke cikin gamalin yana daga cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta amfani da su a noma tun 2009. Wannan ruwan ne dabbobinmu ke sha, wannan kifin ne ake yi wa banda a sayar mana. Sai kuma shara da leda da ruwan kwata da mutanen cikin gari ke tura wa kogin, mu da ke ƙasa mu karɓa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce mai yunwa ba ya sakin kifi. Gaskiya ne. Tafkin Chadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba masunta da wuraren sana'arsu, musamman bayan harin Baga na Janairun 2015, an kuma yi shekaru sojoji sun hana su da safarar kifi a tafkin. A ranar 28 ga Nuwamba 2020 an yi wa manoman shinkafa na Zabarmari kisan gilla a gonakin Koshebe, nan kusa da mu. A ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci gidaje da gonaki a Maiduguri da Jere, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Mutumin da ya ga wannan duka, ba za ka tsaya a gabansa kana ba shi labarin masu sakin kifi a Sikotilan ba.

Shi ya sa ni ma ba na kira da mu riƙa kama kifi don wasa muna saki. A nawa ganin, kifin da ya isa ci a kama shi a ci, halal ne kuma sana'a ce mai daraja. Amma hujjar yunwa ita ce ma ta fi tilasta mana kiyaye ruwan. Baturen da ke fatsa don nishaɗi, idan kifinsa ya ƙare zai koma buga ƙwallo. Mu idan namu ya ƙare, me za mu koma? Manomi komai tsananin yunwa ba ya dafa irin shuka. Roba guda ta 'ya'yan tarwaɗa miyar dare ɗaya ce. Da an bar su wata biyar ko shida, wasu za su mutu, wasu manya za su cinye, amma waɗanda suka rage sun isa su ciyar da gida kwanaki, har a samu na sayarwa.

Wasu kuma za su ce wannan al'adar Turawa ce. A nan ma ban yarda ba. Dubi Argungu. Wurin da ake kira Matan Fada a rufe yake tsawon shekara, ba mai jefa koma sai ranar da aka ba da izini, kuma Sarkin Ruwa ne ke kula da shi. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗaga. Bikin ya samo tsarinsa na yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. A ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa tabki yana da ranar su, kafin ranar ba mai taɓa shi. Na tambayi wani dattijon masunci a garinmu, wanda a bakinsa na koyi sunaye irin su ƙurungu da gaiwa da bargi, domin ni ba da Hausa na tashi ba. Na ce, "Baba, a zamaninku kuna kama ƙanana?" Ya ce, "Ɗana, wanda ya fito da ƙananan kifi a zamaninmu kunya yake ji a gan shi. Idon kallinmu sai yatsu uku sun shiga." Ashe abin da muka yi wa yayana dariya a kai, kakanninmu sun riga mu saninsa. Mu ne muka yar.

Doka ma ba rasa ta muka yi ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga, wanda ga yawancin su bai kamata ya gaza milimita 76 ba, wato inci 3. Muna da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, jiharmu ce kuma ke da Kwalejin Tarayya ta Kifin Ruwan Daɗi ta Baga. Matsalar ita ce dokar tana cikin Turanci a ofis, masuncin kuwa yana bakin ruwa yana jin Kanuri ko Hausa ko Larabcin Shuwa.

Saboda haka ina da shawarwari uku. Na farko, bulamomi da lawanai na garuruwan fadamar Jere su zauna da shugabannin masunta su tsayar da makonnin da za a ɗaga wa ruwa ƙafa a tsakiyar damina, lokacin da yawancin mutane suna gona. Su suka san ruwan, kuma dokar da mutane suka yi da bakinsu ta fi wadda aka aiko musu ƙarko. Na biyu, hukuma da ƙungiyoyin agaji su yi musaya: wanda ya daina su da gidan sauro a ba shi raga mai faɗin ido, domin hani ba tare da madadi ba ba ya ɗorewa. Mai zuba guba kuwa a hukunta shi, ba sani ba sabo, limamai kuma su yi huɗuba a kan haka, tunda ɓarna a bayan ƙasa abu ne da addini ya hana. Na uku ya shafe mu ɗaliban Hausa. Kullum muna neman batun kundin kammala karatu, ga shi kuwa a ƙofar gidanmu: fassara wannan doka cikin Hausa mai sauƙi, tsara shirin rediyo a kanta, da tattara sunayen kifaye da kayan su, irin su birgi da mamari da taru da gura, tun dattawan da suka san su suna raye.

Kafin in dawo makaranta na sake zuwa fadama da ƙanena, muka yi fatsa da tana. Ya kama 'yar tarwaɗa da ba ta kai tafin hannu ba. Na ce ya mayar, ya ƙi, sai da na yi masa alkawarin naira 200. Ya sake ta yana ƙunƙuni, yana cewa ni ma na zama Bature. Ban damu ba, domin na san in ana so a ci gaba da ganin kifi a Ngadda, sai an samu masu jure irin wannan gori. Allah Ya albarkaci ruwanmu, Ya zaunar da jiharmu lafiya, amin.